Kututturen da Aka Jefar a Bakin Kogi

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, amma duniya ba ta yafe shi. Shi ne ka yi wa mai rai hukuncin matacce don kawai ka gan shi ba ganye. Masu wannan hali duk masu gaggawa ne, kuma sauri shi ya haifi nawa. Ku saurara ku ji yadda ta kaya a garinmu na bakin Jan Kogi, inda kowane gida da itacen dao yake ci yake sha, wato itacen nan mai jan fure da ake ƙawata gida da shi a bikin sabuwar shekara.

An gama bikin sabuwar shekara ke nan, lokacin da mutanen birni suke fito da itatuwan da furensu ya zube suna yarwa. Da sassafe Lua, 'yar Baba Bang, ta fito cikin yayyafi ta bi gangaren kogi tana dube-dube a juji. Jiya da yamma Hao, dillalin nan da yake neman aurenta, ya sa yaransa sun tumɓuke wani tsohon kututture a gonar ubanta, ya ce ya mutu, yana cin wuri a banza. Kututturen kuwa na yayanta ne, Tuan, wanda kogi ya ci shekaru bakwai da suka wuce.

Ta same shi, amma an riga ta. Wani saurayi ne durƙushe a cikin laka yana naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, ga amalanke ɗaure a bayan tsohon babur, cike da itatuwan da aka zubar.

"Kai, mai amalanke, wannan itacen namu ne."

Bai ɗago ba ya ce, "Naku ne kuka kwantar da shi a juji?"

"Ba itacen nake so ba. Jan zaren nan da ke wuyansa zan kwance. Yayana ne ya ɗaura shi."

Sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta, ita ma ta dube shi. Fuska ce doguwa, wadda rana da wahala suka yi wa aiki, amma idanun ba su tsufa ba.

"Ke ce Lua," in ji shi.

"Ina ka san ni?"

"Ni na riƙe reshen, shi ya ƙulla zaren."

Sai ta gane. Wannan ne Kien, wanda ba a kiran sunansa a gidansu.

Kowa ya san yadda muke da safiyar sabuwar shekara. Wanda ya fara taka ƙofar gida shi ke shigo da rabon shekarar, mai kyau ko marar kyau. Saboda haka maigida ke zaɓen mutumin tun da wuri, kuma babu wanda zai shiga sai shi ya shiga. A waccan shekarar, Kien yana ɗan saurayi marar lissafi, ya rugo da gudu don ya kira amininsa Tuan su tafi kallon wasa, ya faɗa gidan kafin wanda aka zaɓa ya iso. Da damina ta zo, ambaliya ta tafi da Tuan. Daga nan aka sa wa Kien mai farar ƙafa. Mata suka riƙa jan 'ya'yansu gefe idan ya wuce. Ya tattara ya tafi kudu aikin masana'anta, ya daɗe, ya dawo hannu rabbana. Lua tana ƙarama a lokacin, tana gidan goggonta tana karatu, sunan kawai ta sani.

Ta miƙa hannu za ta kwance zaren, ya ce, "Dakata tukuna."

Ya sa farce ya kankare ɓawon kaɗan. A ƙarƙashin baƙin akwai kore, siriri kamar gashi, amma kore ne.

"Barci yake yi, ƙanwata. Ba wanda ya tashe shi ne tun da mai shi ya tafi. Ki bar masa zarensa. In ya mutu a hannuna, ni zan kawo miki shi."

"In ya rayu fa?"

"Sai ki zo ki gaishe shi."

Ta koma gida da laka a ƙafa, ba ta gaya wa kowa inda ta je ba.

Kien yana da ɗan fili a bayan gari, gadon ubansa, inda yake dasa itatuwan juji. Mutane suna wucewa suna dariya, suna cewa asibitin gawa. Lua ta fara biyawa ta can in ta dawo daga kasuwa, wai hanyar ta fi kusa. Ba ta fi kusa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Da bazara ta shigo, wata safiya wayarta ta yi ƙara. Hoto ne na ɗan tsiro ja a jikin baƙin kututture, da rubutu a ƙasa:

"Mutuminki ya buɗe ido ɗaya. Ya tambaye ni ina 'yar gidansu, na ce tana can tana yanga."

Ta amsa: "Sarkin juji, ka gaya masa mai yanga tana gaishe shi. Kai kuma ka ci abinci? Jiya na ga wuyanka kamar na zalɓe."

"Na ci, Tohona. Inna ta yi miyar kifi. Ta ce wace ce take sa ni murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe."

"Me ka ce mata?"

"Na ce itace ne. Ta ce to itacen ya iya rubutu."

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Wata rana suna zaune a bakin filin, kututturen ya yi rassa ya lulluɓe da ganye, sai Lua ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ta.

"Yaya Kien, kai ka yarda ƙafarka ce?"

Ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannu.

"Da rana ban yarda ba. Amma akwai lokacin da nake zaune ni kaɗai, sai in ce da ban ruga ba ran nan fa? Shi ya sa nake kwasar waɗannan. Duk wanda aka ce ya gama, sai in ji kamar ni ake nufi."

"Ni ban ce ka gama ba."

"Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro. Da can ba ni da abin da zan rasa."

Ta ce, "In ka rasa ni, sai ka duba juji, can za ka tsince ni ina jiranka."

Ya yi dariya har da hawaye. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da jan zaren.

To, shi Hao ba makaho ba ne. Mutum ne mai mota da baki mai zaƙi, shi ke kwasar itatuwan garinmu yana kai wa manyan otal-otal na birni. Tun ba a ba shi Lua ba ya fara kiran Baba Bang da Baba, yana zuwa da kwalin shayi mai tsada. Shi kuwa tsohon, tun da ya rasa ɗansa namiji yake neman kafaɗar da zai jingina gonarsa. An duba shekarar haihuwar Hao an ga ta dace da ta maigidan, saboda haka shi aka zaɓa ya buɗe ƙofar gidan a shekara mai zuwa. Mai buɗe ƙofa kuwa, kowa ya gane, shi ne surukin gobe.

Hao ya bi sawun Lua har ya ga inda take zuwa, ya kai labari da gishirinsa.

Ran nan ana cin abinci, Baba Bang ya ajiye kwanonsa.

"Lua, an ce hanyar kasuwa ta koma bayan gari."

Kafin ta buɗe baki, Inna Sen, uwarta, ta ce, "Maigida, bari a gama cin abinci mana."

"Na ƙoshi. Lua, ke nake tambaya. Yaron da ya shigo mana da mutuwa, shi kika ga ya dace?"

"Baba, kogi ne ya ci Yaya."

"Kogin nan yana nan tun kakana, bai taɓa cin ɗan gidan nan ba sai shekarar da wancan ya taka mini ƙofa! Ɗaya ya rage mini. Ke kaɗai. In kina so ki ga hotonki kusa da na yayanki a kan teburin kakanni, to ki bari in riga ki tukuna."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Da faɗa ne kawai da Lua ta iya jurewa, amma tsoro ta gani a idon ubanta, kuma tsoron tsoho ba a gardama da shi.

Kwana biyu bayan haka saƙo ya shigo:

"Tohona, zan yi shiru na ɗan lokaci. Kada ki tambaye ni dalili. Ki sa rigar sanyi, iskar arewa ta kusa. Mutuminki yana lafiya."

Ta rubuta, ta kira, ta sake rubutawa. Shiru.

Hunturu ya shigo, lokacin tsige ganye. Da hannu ake tsige wa dao ganyensa kaf, ɗaya bayan ɗaya, don ƙarfinsa ya koma ga toho. Wanda ya tsige da wuri, furensa zai riga biki. Wanda ya makara, biki zai wuce shi. Abincin shekara guda a kan wannan hukuncin yake rataye.

Hao ya zo ya ce a tsige tun yanzu, gonar duka. Otal-otal suna son su riga kowa ƙawata zaurensu, in ji shi, kuma wanda ya riga zuwa kasuwa shi ke yanka farashi.

Baba Bang ya ɗaga kai ya shinshina iska, ya ce, "Iskar bana ban yarda da ita ba. A raba gonar biyu, a jinkirta rabi."

"Haba Baba, rabin arziki ake nema? Na riga na ba mutane magana. Duk abin da ya fito ni zan kwashe, ko ganye ɗaya ba za a bar maka ba. Ko ba ka yarda da ɗanka ba ne?"

Wannan kalmar ta ɗanka ita ta kashe bakin tsohon. Ya san gaskiya, hancinsa ya gaya masa, amma ya bi baki mai zaƙi. Lua ta yi ta tsige ganye har yatsunta suka tsage, tana yi tana duban hanyar bayan gari.

Sai iskar arewa ta ɗauke. Rana ta fito kamar bazara, ta zauna. Gonar Baba Bang ta buɗe gaba ɗaya, ja wur tun daga shinge har bakin kogi, alhali biki da sauran nisa. Ba a taɓa ganin gona mai kyau haka ba, kuma ba a taɓa ganin abin baƙin ciki haka ba. Tsohon ya sa aka yi ta zuba ruwan sanyi a saiwa, aka kafa rumfuna, duk a banza. Furen ya yi kwanakinsa ya fara zuba. Da ya gama zuba tas, sai sanyi ya dawo, irin mai shiga ƙashi.

Hao ya zo ya zaga gonar da hannu a aljihu.

"Baba, ka san otal ba ya sayen sanda. Kaddara ce. Amma kada ka damu, baɗi ma shekara ce."

Kafin ya tafi ya ja Lua gefe.

"Zo in nuna miki wani abu, don ki san wanda kike ramewa a kansa."

Ya kai ta filin Kien a motarsa. Inda kututturen yake, rami ne kawai da sawun amalanke.

"Bana fure ya yi tsada, tsohon kututture mai rai kuwa ya fi kowane daraja. Mutuminki ya gane haka. Ya sayar, ya yi shiru. Ɗan juji ai ɗan juji ne, duk abin da ya tsinta na sayarwa ne."

Shi Hao bai san inda itacen yake ba. Abin da ya sani shi ne ya taya shi da kansa, an hana shi. Amma ramin yana nan, kuma gani ya kori ji.

Lua ta rubuta da yatsun da suka tsage:

"Ka ce in ya mutu za ka kawo mini zaren. Ba ka ce in ya rayu za ka sayar da shi har da zaren ba. Na yi faɗa da ubana saboda kai. Ka ci kuɗin lafiya."

Ta ga alamar an karanta. Amsa ba ta zo ba.

Jajiberin biki ya zo. An share gida, an goge teburin kakanni inda ake ajiye hotunan mamatan gida, an dafa ƙunshin shinkafa a ganye, an jera 'ya'yan itace da turare. Amma kusurwar da ake ajiye dao babu komai. Gidan da ya ƙawata zaurukan birni tun zamanin kaka, bana ko reshe ɗaya babu a gaban hoton Tuan. Inna Sen ta ce a saya ko ƙarami ne. Baba Bang ya ce gara kusurwar ta zauna haka da a ce Bang ya sayi fure.

Gari ya waye, safiyar sabuwar shekara. Suka yi wanka, suka sa sababbin kaya, aka ɗora shayi, suka zauna jiran Hao.

Hantsi ya yi. Suna jin maƙwabta suna gaishe-gaishe, yara suna ihu da jajayen ambulan ɗinsu na kuɗin barka da shekara. Dangi suka zo har bakin layi, suka ga ƙofar a rufe, suka gane ba a buɗe ba tukuna, suka juya. Wa zai yi gangancin zama na farko a gidan Baba Bang? Shayi ya huce, aka sake ɗorawa, ya sake hucewa.

Sai wayar Lua ta yi ƙara. Ta karanta a ranta.

"Karanta mu ji," in ji ubanta.

"'Ki ba Baba haƙuri. Mai otal ɗin da nake hulɗa da shi ya roƙe ni in buɗe masa tasa ƙofar, kin san manya ba a ce musu a'a. Zan iso in rana ta yi. Ai duk ɗaya ne.'"

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Ya kai wa wani sa'ar, mu a kawo mana ragowa."

Taura biyu ba ta taunuwa, amma mai kwaɗayi sai ya gwada.

Can sai suka ji ƙarar tsohon babur ta shigo layi, ta tsaya a ƙofar gida. Lua ta san wannan ƙarar kamar yadda ta san bugun zuciyarta. Ta tashi ta leƙa ta saman shinge, sai ta dafe bakinta.

Kututturen ne a kan amalanke, cikin babbar tukunyar ƙasa. Ba fure da yawa gare shi ba, itacen da ya tashi daga jinya ba ya cika. Amma kowane reshe da nasa, jajaye masu kauri, wasu sun buɗe wasu suna shirin buɗewa. Jan zaren yana nan a wuyansa, ya koɗe.

Kien ya sauko, ya ga ƙofar a rufe, ya ga ba takalmin baƙo ko ɗaya a dandamali. Fuskarsa ta sauya. Ya ja da baya har ya bar inuwar shingen.

"Ba a buɗe ba?" ya tambaya a hankali.

"Ba a buɗe ba."

"Kash. Na jira a bakin gada tun safe don in tabbata an shiga an fita. Ban sani ba, Lua. Na rantse ban sani ba."

"Aka ce ka sayar."

"Sanyin nan ne ya so ya kashe tohon. Na ɗauke shi na kai bayan madafar innata, inda ake dafa ƙunshin biki, ya sha ɗumi. Jiya ya buɗe. Ban tsige masa ganye da wuri ba don ina tsoron ba zai jure ba, ba wata dabara ba ce."

"Ka karanta saƙona ka yi shiru."

"Baffa, mahaifinki, ya tare ni a hanya, ya roƙe ni in bar ki har shekara ta fita, ko kalma ɗaya. Roƙo ya yi, ba faɗa ba. Na yi masa alkawari. Shekarar ta fita jiya."

Ba su ji fitowar tsohon ba sai ƙarar sakata. Baba Bang ya buɗe ƙofar ya tsaya daga ciki, Inna Sen a bayansa. Bai dubi Kien ba. Itacen yake kallo. Ya san kowace lanƙwasa a jikinsa, shi ya koya wa ɗansa yadda ake tanƙwara reshe.

"Aka ce mini ya mutu," in ji shi.

Kien ya haɗa hannuwa ya rusuna daga inda yake.

"Barka da sabuwar shekara, Baffa. Barka, Inna. Na kawo muku kayanku ne. Ba zan shiga ba. Ku sa hannu ku ja shi ciki, itace ba shi da ƙafa."

Iska ta kaɗa, fure ɗaya ya faɗo a kan dandamali.

"Ni na aiki Tuan kogi ran nan," tsohon ya ce, kamar da itacen yake magana. "Injin ban ruwa ne zai tafi, na ce ya je ya janyo. Uwarsa ta ce a bar injin. Na ce ya je."

Inna Sen ta sa gefen gyalenta ta rufe fuska. Shekara bakwai tana jiran wannan maganar, ba ta taɓa tilasta ta ba.

"Kayan ya yi mini nauyi, sai na nemi wanda zan ɗora wa. Na samu yaro marar uba."

"Baffa, ka bari. Yau ba ranar kuka ba ce."

"Kada ka koya mini ranaku." Ya share ido da bayan hannu, ya gyara tsayuwa. "Tukunyar nan da nauyi, bayana ba zai iya ba."

"Lua sai ta kama maka gefe."

"Na ce bayana ba zai iya ba. Wanda ya ɗauko shi daga juji shi zai kai shi gaban mai shi. Shigo."

Kien ya dubi dokin ƙofar kamar wanda aka ce ya tsallake kogi. Ƙafarsa tana rawa, kowa ya gani.

"Baffa, in wani abu ya faru bana fa?"

"In ya faru, Mai Sama ne ya kawo shi, kamar yadda ya kawo wancan. Ka shigo, ɗana, shayi yana hucewa."

Lua ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Sarkin juji, an ce ka shigo. Ko sai an ɗauko ka a amalanke kai ma?"

Ya rungumi tukunyar, ya ɗaga, ya taka. Da ƙafar dama ya shiga. Ya kai itacen har kusurwar teburin kakanni, ya juya shi yadda zaren zai fuskanci hoton Tuan. Baba Bang ya kunna turare ya miƙa masa. Kien ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya gaban amininsa, ya ce, "Na dawo maka da shi. Ka yi haƙuri na daɗe."

Kafin a ɗauke kofunan shayi labari ya zaga layi, dangi da maƙwabta suka cika gidan. Da rana ta take sai ga motar Hao. Ya shigo da kwalinsa yana washe baki, ya ga wanda ke zaune a kujerar babban baƙo, ya ga itacen da ya sa aka jefar.

"Baba, na iso."

Tsohon ya ce, "Sannu da zuwa. An buɗe ƙofa. Ka zauna can wajen baƙi a ba ka shayi. Kuma sunana Bang, Baba na masu shi ne."

Hao bai zauna ba.

Da yamma, bayan Kien ya koma gida, saƙo ya shigo:

"Tohona, har yanzu ƙafata tana rawa."

Ta amsa: "Ka saba da ita, Yaya. Inna ta ce gobe ka zo da innarka. Kuma ka yafe mini abin da na rubuta."

"Wane abu? Wayata ba ta riƙe irin waɗannan. Ta tsufa."

Ba a ja lokaci ba. Kafin damina dangin Kien suka zo da farantan goro da ganyensa, lulluɓe da jan ƙyalle, aka karɓa. Shekarar ta zo da wuya, gonar da ta rasa kakarta ba ta warkewa rana ɗaya, an ci shinkafa da ganye fiye da yadda aka saba. Amma ambaliya ta zo ta wuce ba ta ɗauki kowa ba. Kien da surukinsa suka datse gonar, suka yi mata taki, itatuwan juji kuma suka zama su ne abin da aka fara sayarwa.

Da sanyi ya sake shigowa aka ɗaura aure. Ango da amarya suka rusuna gaban teburin kakanni, Baba Bang ya dafa kawunansu ya ce, "Kakanni su tsare ku, Mai Sama ya ba ku 'ya'ya masu haƙuri. In ɗayanku ya ga ɗan'uwansa ba ganye, kada ya kira mai gatari. Ya kankara tukuna ya gani. Ni ban kankara ba, na yi asarar shekara bakwai da ɗa na biyu yana yawo a duniya." Inna Sen ta kwance jan zaren daga wuyan itacen, ta raba shi biyu, ta ɗaura wa kowannensu a hannu. Muka ci, muka sha, muka yi musu fatan alheri, kuma har yau suna nan lafiya.

Shi kuwa Hao, ga abin da gaggawa da raini suka ci masa. Ya rasa Lua, wadda aka riga aka kusa ba shi. Ya rasa gonar Baba Bang, ya rasa sauran gonakin garin, domin wanda ya ga yadda aka bar tsoho da sanduna ba zai miƙa tasa ba. Mai otal ɗin da ya fifita, da ya ga ba itace, ya nemi wani dillalin. Kututturen da ya ce yana cin wuri a banza, shi ne yau ake zuwa kallo daga birni, ba kuma na sayarwa ba ne. Sannan tun daga wannan shekarar, duk garin nan ba gidan da ya sake roƙonsa ya buɗe masa ƙofa. Safiyar biki yana zaune a motarsa a bakin layi, yana jira wani ya shiga tukuna.